Tambarin Najeriya: furen nan ja ne ko rawaya, kuma wane rubutu ne daidai?

Mai Fenti, Fagge:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Iyayena da yayyena, ina neman a fitar da ni daga duhu.

Sana'ata rubutun allunan shaguna da zanen bango, a hannun mahaifina na koya, Allah ya jiƙansa. Yanzu haka an ba ni aikin zana tambarin Najeriya a bangon wata firamare, daidai inda yara suke yin layi da safe. Na sayo fenti a Ƙofar Ruwa, na shafe bangon da fari, na fitar da siffar da gawayi. A nan na tsaya cak, domin samfuri uku ne a gabana kuma kowanne da inda ya nufa.

Hoton da hedimasta ya turo min a waya, furannin da ke ƙarƙashin kofaton dawakan jajaye ne. A littafin 'yata ta aji huɗu kuwa rawaya ne. Na uku daga akwatin mahaifina ya fito. Yana da tsofaffin sulalla da ya ƙulle a tsumma, sai na zaro kwabo ashirin da biyar na 1973, mai dalar gyaɗa a baya. Na goge shi da toka da lemon tsami, na kara shi a hasken taga. Rubutun da ke ƙarƙashin garkuwar kalma uku ce kawai, Unity and Faith. Na wayar hedimasta kuwa ya zarce da Peace and Progress. To wanne zan bi? An ƙara ne daga baya, ko wuri ne ya yi wa mai buga kuɗin kaɗan?

Wani zai ce mene ne abin damuwa, yi abin da mai aiki ya ba ka ka karɓi kuɗinka. Ni abin yana ci min rai. Ku zaga garin nan ku duba ƙofofin makarantu da ofisoshi. Wani wurin mikiyar baƙa ce, wani wurin ja. Nan ta kalli hagu, can ta kalli dama. Farin layin da ke cikin garkuwa wani ya miƙar da shi sambal, wani ya lanƙwasa. Dawakan kuwa, akwai inda za ka rantse jakuna ne. Mu masu buroshi mu muka yi wannan, kowa yana kwafa daga na wani, kuskure yana haihuwar kuskure. Yaro kuma abin da ya gani a bango kullum safiya shi yake zama a kansa, ya fi na littafi tasiri. Shekara shida zai yi yana kallon aikina. Ba na so in koya masa abin da ba shi ne ba.

Akwai kuma tambayar da yaron shagona ya yi min yana riƙe min tsani, na rasa amsa. Ya ce, Oga, a cikin duk wannan zanen ina Kano?

Tsohon Malami, Gwale:

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya yi wa sana'arka albarka. Jikana ne yake danna min, ni ina faɗa, don haka a yi haƙuri da tsawon bayani.

Sulallanka ba su yi ƙarya ba, wayar hedimasta ma ba ta yi ba. Zamani ne ya raba su. Tambarin nan an tabbatar da shi a watan Mayun 1960, 'yan watanni kafin a sauke tutar Ingila ranar 1 ga Oktoba. Taken da aka rubuta a ƙasansa a lokacin shi ne gajeren, haɗin kai da imani. Da shi muka taso, shi muka koyar a aji shekara da shekaru. A 1978, zamanin Janar Obasanjo, ana shirin mayar da mulki ga farar hula, aka ƙara zaman lafiya da ci gaba, a shekarar da aka sauya taken ƙasa na rerawa. Tsarin mulkin 1979 ya rubuta dogon a sashe na 15, na 1999 ma ya maimaita shi a wannan sashen. Ƙasar da ta fito daga yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ba abin mamaki ba ne ta ga tana bukatar rubuta zaman lafiya a tambarinta. Saboda haka dogon za ka rubuta, kada ka rage ko harafi.

Sauran sassan kuwa ga yadda suke. Garkuwa baƙa ce wuluk, tana nufin albarkar ƙasar noma. Farin da ya ratsa ta mai siffar harafin Y shi ne kogin Kwara da kogin Binuwai da haɗuwarsu a Lokoja, kuma dole gefensa ya zama mai lanƙwasa, domin ruwa ne. Dawakai biyu farare, alamar martaba. A saman garkuwa akwai wani murɗaɗɗen naɗi na kore da fari, kamar gammo, a kansa mikiya take tsaye. Masu zane da yawa suna mantawa da shi su ɗora tsuntsuwar kai tsaye a kan garkuwa, wannan kuskure ne. Mikiyar ja ce, alamar ƙarfi, fukafukai a buɗe, kuma in kana tsaye a gaban bangon hannunka na hagu za ta kalla. Dalili shi ne an tsara tambarin bisa ƙa'idar tambura ta Ingila, su kuwa daman wanda ya riƙe garkuwar suke lissafi da shi, ba daman mai kallo ba.

Wani abu da nake yawan gyara wa yara: Taiwo Akinkunmi tuta ya zana, ba tambari ba. Yana ɗalibi a Landan ya shiga gasar 1959 ya ci, aka ba shi fam 100. Zanensa na asali ma da jar rana a tsakiyar farin, alƙalan gasar suka cire. Ya rasu a 2023.

Tunda kana son tsofaffin kuɗi, sake kwance tsumman nan. In ka yi sa'a za ka tarar da kwabo mai huji ko anini. Dubi tauraro mai tsini shida da ya kewaye hujin. Wannan shi ne alamar Najeriya kafin dawakai da mikiya. Daga 1914, da Lugga ya haɗe Kudu da Arewa, har zuwa 1960, tutar mulkin mallaka tana ɗauke da jan da'ira, a ciki koren tauraron nan, a tsakiyarsa kambin sarautar Ingila da sunan Najeriya. Malamanmu na zaure sun san shi tun kafin Bature, hatimin Annabi Sulaiman suke kiransa. Shi kansa Lugga ya rubuta cewa a murfin wata butar tagulla ya gan shi, wadda sojojinsa suka ƙwace lokacin da suka ci Kontagora a 1901. Ka ga daga ganimar yaƙi aka ɗauko abinmu aka mayar da shi alamar mulkarmu. Bai ɓace gaba ɗaya ba, har gobe yana nan a bajon sojan ƙasa, ƙarƙashin mikiya, tare da rubutun Larabci mai cewa nasara daga Allah take.

Jihar Arewa ta su Sardauna ita ma tana da nata tambarin, doki a gefe guda, raƙumi a ɗaya gefen, takensa Aiki da Ibada. Ina ƙaramin aji nake ganinsa a takardun gwamnati. Da aka raba jihohi 12 a watan Mayun 1967, aka ba Audu Bako Kano, sai ya bi jihar ya tafi. Dagin Arewa ne ya rage mana a bango da wuyan riga.

Batun fure kuma, shawarata ka bi abin da ya fi yawa a takardun hukuma, wato ja. Tambarin ƙasa ba wurin nuna ra'ayin mai zane ba ne.

Malamar Gona, Tarauni:

Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya. Duk abin da kuka faɗa na ƙaru da shi, ban taɓa jin labarin butar Kontagora ba sai yau. Amma a kan fure ku yi min afuwa, zan saɓa muku.

Furen nan ba ƙirƙirarsa aka yi ba, tsiro ne mai rai da yake fitowa a dajinmu. Masana suna kiransa Costus spectabilis, mutanen karkara kuma takalmin zomo, kuma shi ne furen ƙasa. Danginsu ɗaya da citta daga nesa, shi ma saiwa yake yi a ƙasa. Na gan shi da idona lokacin da nake aiki a ɓangaren Doguwa, bakin dajin Falgore. Duk rani ba za ka san yana wurin ba. Da ruwan farko ya jiƙa ƙasa sai ya ɓullo a inuwar bishiyoyi da tsakanin duwatsu. Ba shi da kara. Ganye huɗu ne masu faɗi da kauri, kwance shame-shame a kan ƙasa, biyu suna fuskantar biyu, furen kuma ya fito daga tsakiyarsu. Launinsa rawaya ne shar, wani ya ɗan ja zuwa ruwan lemo, mai laushi ƙwarai, ba ya daɗewa yake yanƙwanewa wani ya maye gurbinsa. Ja dai ban taɓa gani ba, littattafan tsirrai ma rawaya suka ce.

Gaskiya ne jan ya fi yawa a zanen da ake bugawa, amma yawan maimaita abu ba ya mayar da shi daidai. Dalilin da ake bayarwa na zaɓen furen shi ne ana samunsa a sassan ƙasar nan da dama kuma yana nuna kyawunta. To in tsiron ake nufi, a ba shi launin da Allah ya ba shi. Abin da yake damuna shi ne yaranmu na birni sun haddace sunan Turancin don jarrabawa, amma da za su taka shi a daji ba za su san sun taka furen ƙasarsu ba. Ƙanena mai fenti, ni rawaya nake goyon baya. Ka kuma zana ganyen a kwance, kada ka ɗora furen a kan dogon kara, ba haka yake ba.

Ɗan Lifidi, Yakasai:

Salamu alaikum. Ni ba ruwana da gardamar fure, na bar wa Baba da Hajiya. Maganar dawakai ce ta taso da ni, don abin ya daɗe yana ƙona min rai.

A garin da ake Hawan Daushe da Hawan Nassarawa, garin da hawansa ya shiga kundin UNESCO a ƙarshen 2024, a ce mai zane ya kasa fitar da doki? Malam mai fenti, ga inda 'yan uwanka suke faɗuwa. Na ɗaya kunne: suna tsawaita shi, shi ke nan ya zama jaki. Kunnen doki gajere ne, a tsaye, mai tsini. Na biyu wuya: ingarma in ya tashi tsaye wuyansa lanƙwashewa yake yi, haɓarsa ta nufo ƙirji, geza ta zubo. Su kuwa sai su miƙar da shi. Na uku ƙafar baya, wadda duk nauyin yake kanta. Cinya ta cika, gwiwar baya ta karye yadda ya kamata, kofato ya kafu a kan ciyawa. Ƙafafun gaba su ne a jikin garkuwa, kai yana fuskantar kai. Farin ma kada ka bar shi fari fat a kan farin bango, zai ɓace. Kili, wato farin doki, in ka dube shi da kyau akwai duhu-duhu a bakin hancinsa da kewayen ido da ƙarƙashin ciki. Ɗan toka-toka a wuraren nan shi zai tashe shi.

Kada kuma son gyara ya sa ka ɗaura musu sirdi ko linzami. Na taɓa ganin inda wani ya yi musu har da jalala. A tambarin tsirara suke, haka za ka bar su, ko da yake ni kaina idona bai saba da ganin kili ba ado ba sai a barga.

Yaron shagonka da ke neman Kano, ka nuna masa dawakan nan da garkuwar. Wanda ya taso yana ganin 'yan lifida da 'yan sulke ba baƙo ba ne a gaban wannan zanen. In kana so ka zo unguwarmu bayan la'asar lokacin da ake fito da su, ka zauna da takardarka ka zana mai rai.

Mai Fenti, Fagge:

Baba, Hajiya, Yaya, Allah ya saka da alheri. Baba, na sake kwance tsumman, kwabo mai huji yana nan, tauraron ya fito raɗau. Tun ina yaro nake wasa da shi ban san abin da nake riƙe da shi ba.

Na kai wa hedimasta maganar fure. Ya ce shi tsoronsa kada masu duba makarantu su zo su ce an sauya tambarin gwamnati. Na nuna masa littafin aji huɗu da su kansu suke koyarwa da shi, ya yi shiru, ya ce in ba shi zuwa Litinin. Ni zuciyata ta karkata ga rawaya, amma bangonsa ne. Yaya Ɗan Lifidi, ina nan zuwa, in sha Allahu.

Direban Kudu, 'Yankaba:

Ni ba ɗan boko ba ne sosai, albasa da tumatir nake kaiwa Kudu, amma wannan farin Y ɗin na san shi ido da ido. In ka taso daga Abuja ka wuce Kotonkarfe, za ka hau gadar Murtala a Jamata, Kwara ke nan a ƙarƙashinka. Gaba kaɗan sai Lokoja. Wata rana mota ta lalace mana a can, muna jiran kayan gyara, wani ɗan gari ya hau da mu Dutsen Patti. Daga sama abin yake bayyana. Kwara ta gangaro ta hannu guda, Binuwai ta ɗaya hannun, launin ruwansu ma ba ɗaya ba ne, ɗaya ya fi ɗaya duhun laka, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa kafin su gauraya su nufi teku. Kwara tun daga tsaunukan Gini ta taso, ta ratsa Mali da Nijar, tafiyar fiye da kilomita 4,000. Binuwai kuma daga Kamaru, ta biyo ta Yola da Makurɗi. Ka lanƙwasa layin nan da kyau, Malam, ruwan ba mai wasa ba ne. A ambaliyar 2012 da ta 2022 ya hau kan titin ya raba Arewa da Kudu kwana da kwanaki. A ta biyun ina cikin layin, muna ji muna gani tumatir ya narke a kwando.

Amma yaronka yana da gaskiyarsa, kada a raina tambayarsa. Ruwan Kano ba ya zuwa Lokoja. Kogin Kano da na Challawa haɗuwa suke yi su zama kogin Haɗeja, ya bi ta Jigawa da Yobe ya nufi Tafkin Chadi. Ruwan da ya sauka a kan Dala, gabas yake yi. Ƙasarmu ma in ba fadama ba, ja ce da jigawa, ba baƙa ba.

Kuma ina shiga Maraɗi da Damagaram ɗaukar kaya. Tambarin Nijar in ka kalle shi ba ka bukatar mai fassara: rana a tsakiya, zangarniyar gero uku, mashi da takubba biyu, kan sa mai ƙaho a ƙasa. Manomi da makiyayi kowa ya ga abinsa. Namu sai an zaunar da kai an yi maka bayani. Da ni aka tambaya, da na ce a sa ko da zangarniyar dawa ce a wani lungu. Duk da haka ba na ƙin sa. Shi ne a jikin fasfona, kuma in na dawo daga Nijar na hango shi a bakin iyaka, raina yana kwanciya.

Tsohon Malami, Gwale:

'Yata Malamar Gona, hujjarki ta fi tawa a kan tsiron, ke kika gan shi a daji. Abin da nake tsoro shi ne in kowane mai buroshi ya gyara abin da yake ganin kuskure ne, za mu koma inda ɗana ya fara kuka. Gyaran daga sama ya kamata ya zo, a fitar da samfuri ɗaya a raba wa makarantu da maɗaba'u. Kafin nan, in hedimasta ya tsaya a kan ja, a yi ja, sai a zana furen na gaskiya da ganyensa huɗu a gefe, a rubuta sunansa a ƙasa. In ya yarda da rawaya, ba zan yi jayayya ba.

Direba, ka yi magana mai nauyi. Sai dai ka tuna a 1960 jihohi uku ne, Arewa da Yamma da Gabas, kowacce tana da nata tambarin mai ɗauke da kayanta, kuma kowacce tana kishin kada a fifita wata. Da an sa gero, da masu koko da masu kwakwar manja sun ce ina nasu. Kogunan nan biyu su ne abin da ba wanda zai ce na wani ne shi kaɗai. Amfanin gona sai aka kai shi bayan kuɗi: sulallan 1973 akwai auduga, akwai koko, akwai kwakwar manja, akwai rijiyar mai, gyaɗarmu kuma tana kan kwabo ashirin da biyar ɗin da ke hannun ɗana.

Abu na ƙarshe, tunda sana'arka ce. Akwai dokar tuta da tambarin ƙasa tun 1960, kuma ta hana amfani da tambarin a harkar kasuwanci ba da izini ba. Bangon makarantar gwamnati ba laifi. Amma in mai shago ko mai ƙungiya ya ce ka ɗora masa shi a allonsa don ya yi kama da ofishin hukuma, ka ba shi haƙuri, ka ce ya kawo takardar izini tukuna.